Injin Cingam da Irin Cittata

Yayan matata ya cuce ni. Ya karɓe irin cittata ya ba ni injin cingam, kuma ko zan manta hanyar ƙauyenmu ba zan manta wannan ba. Ba zan kira sunansa ba. Ticha muke ce masa, don hedimasta ne a wata firamare a Kafanchan, dattijo ne kuma a cocinmu, mai kujerar gaba.

Ni manomin citta ne daga wajen Nok, a aji huɗu karatuna ya tsaya. Shekarar da za a bar fam a koma naira, citta ta yi mini kyau. Na sayar da ta sayarwa, na ware iri na ɓoye a inuwa. Duk manomi ya san iri ba a taɓa shi, ko yunwa ta shigo gida.

Gab da Kirsimeti muka je gaishe shi. Ya ja ni falo, ya yaye wani zane a kan tebur. Sai ga wani abu mai kan gilashi kamar tulu, cike da cingam ƙulu-ƙulu, ja da kore da rawaya. Ya saka kwabo mai huda, ya murɗa hannun, ɗaya ya gangaro.

"Suruki, har yaushe za ka yi ta wari kamar citta?" in ji shi. "Wannan ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman taki. Kana barci yana yi maka aiki. Daga hannun wani ɗan kasuwa Ibo na same shi, babu irinsa daga nan har Jos."

Na ce, "Ticha, na ji ana cewa za a canja kuɗi."

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Kwabo ai kwabo ne. Ka bar wa masu karatu wannan."

Na ce ba ni da tsabar da zan saya. Ya ce tsakanin 'yan'uwa wa ke zancen tsaba? In kawo irin cittar kawai, dama yana so ya gwada noma. Ku ji tausayi irin na dattijon coci. Daga baya na gane a watan nan shi da kansa yake tsayawa gaban allo yana nuna wa yara hoton sabon kwabo, da girmansa da komai.

Na kafa injin a bakin tashar jirgin ƙasa, kusa da masu lemo. Gaskiya kafin sabuwar shekara na ga ciniki. Yaran ma'aikatan reluwe layi suke yi, har manya suna fakewa da "bari in gwada wa yaro". Na sayi hular kwano, na fara gaisawa da hannu ɗaya.

Sai sabon kwabo ya fito. Ya fi tsohon ƙanƙanta. Ka saka shi, ya zame ciki, hannun ya ƙi juyawa, babu cingam babu kwabo. Wata mata Ibo ta kama rigata tana cewa, "Kai ɓarawo ne, ba ni kuɗin yarona," har fasinjojin Inugu suna leƙowa ta taga.

Dabarar da na yi ita ce na tara tsofaffin kwabbai a gwangwani. Yaro ya ba ni sabo, in ba shi tsoho, ya saka, ya murɗa, in buɗe bayan injin in ciro, in jira na gaba. Injin da zai yi aiki ina barci, ni na koma yaronsa, daga safe har rana ta faɗi. Cingam ɗin ma ya ƙare, aka ce sai a Ikko, wato Legas, ake samun irinsa. Na zuba aya, ta toshe shi.

Ruwan farko ya sauka, kowa na shuka yana rufe kunya da ganye, gonata tana kallona. Na je wurin Ticha ya ba ni ko kwando ɗaya na iri.

"Ayya, suruki, na shuke duka. Amma ina neman masu noma, zan biya ka kamar kowa."

Na yi ƙodago a kan irina, saboda yara sai sun ci. A wannan daminar na koyi karatun da ban kai aji biyar na samu ba: in mai ilimi ya kira ka ɗaki zai ba ka arziki, ka tambaye shi me ya hana shi riƙewa.

Ranar godiyar kaka a coci, kowa yana rawa zuwa gaba da abin da gonarsa ta ba shi. Ticha ya fito da babbar riga, ana biye da shi da buhunan citta, mata suna guɗa. Ni kuwa na ɗora injin a ka, na bi layi, ina rawata a hankali. Matata ta rufe fuska da ɗankwali.

Na sauke shi kusa da buhunan, na juya na dubi Ticha, ban ɗaga murya ba.

"Ticha, yau kowa yana kawo wa Ubangiji amfanin gonarsa. Kai ka kawo nawa, ni na kawo naka. Shi ba sai an nuna masa a allo ba, ya san na kowa."