Bidiyon Mai Farar Riga da Na Tura wa Aji

Wata huɗu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa laifina ne. Amma shirun ya fara hana ni cin abinci.

'Yar wana malamar Turanci ce. Duk Asabar takan tara matan aure a shagon ɗinkina da ke unguwar Gwallaga, mu ture kekunan ɗinki gefe, ta kunna musu bidiyo daga intanet su saurara, sannan ta yi musu tambayoyi. Mazan wasu ba su yarda ba sai da aka ce ni zan riƙa duba kowane bidiyo tukuna.

Ina duba shigar mutanen ciki, da ko akwai kiɗa, da saurin maganar. Sau uku nake kallo, har tallan da ke faɗowa a tsakiya. Ma'ana kuwa aikin malama ne.

"Gwaggo, da kwastan kika shiga, da babu motar da za ta wuce," haka take tsokanata.

Da ta haihu, ta ce in tura musu wani abu a waya kada su manta. Na samo wani dattijo cikin farar rigar likita, yana magana a hankali, babu kiɗa, babu mace da kai a buɗe. Na tsinci kalmar jini, da ruwa, da safiya. Na ce tsafta yake koyarwa, na tura.

Bayan sati uku wata ɗalibarmu mai tuyar masa, 'yar kudancin jihar nan, wadda ta fi kowa jin Turanci, ta leƙo shago tana fara'a.

"Yaya, Allah ya saka. Likitan nan naku ya raba ni da ƙwaya."

"Wace ƙwaya?"

"Ta hawan jini mana! Ya ce a bar ta, a jiƙa tafarnuwa da lemon tsami a sha da safe. Duk na gane, ko maimaitawa ban yi ba."

Idonta ɗaya ya yi ja. Na ce ta zauna, ta ce tanda na kan wuta. Ban tare ta ba. Kwana biyu ina juya maganar a raina, ina tsoron tayar da hankalin mai jego a banza, kafin na kai mata wayar. Ta saurara, jariri a kafaɗa, ko rabi ba ta kai ba ta kashe.

"Gwaggo, wa da wa kika tura wa?"

"Duka."

Mun bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta gane abin da ya ce. Mai masar ce kaɗai ta gane. Lambarta ba ta shiga. Na je Ƙofar Ran inda suke haya, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata maƙwabciya ta ce Gwallameji suka koma. Wata ta ce a'a, gida aka tafi da ita a mota, tana kwance a baya. Na yi yawon Gwallameji har sau biyu, babu wanda ya san mai masa sabuwar zuwa.

Doguwa ce, baƙa, da wushirya, tana da tabon ƙuna a hannun dama. Don Allah wanda ya san inda take, ya ce mata ta koma asibiti yau, mutumin cikin bidiyon nan ba likitanmu ba ne. In kuma an makara, a aiko mini layin teloli a Gwallaga. Gara in sani.