Waƙar da Yaya Rabi ta yi a bakin turmi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, Allah ya jiƙanta. Abin da ya tayar mini da ita, kwanan baya wani gidan rediyo ya tambayi masu saurare wace waƙar soyayya ce ta fi kowacce. Jikokina suka kaure da gardama, kowa da gwaninsa a cikin salula. Na bari suka gaji, sannan na ce musu duk ba su san waƙa ba. Wadda ta fi, a gidanmu aka yi ta, a wani ƙauye kusa da Gazawa, kuma turmi da taɓarya ne suka yi mata kiɗa.

Shekarar babban fari ce, lokacin da ɓeraye ma suka yi ƙaura daga rumbunanmu. Mijin Rabi, Buba, Bafulatani ne makiyayi, har yau Hausarsa ba ta miƙe ba. Da ciyawa ta ƙare sai ya kora shanu kudu, ya ƙetare iyaka. Ba nasa ne kaɗai ba, har da na maƙwabta da suka ba shi amana, da saniyar da babanmu ya ba Rabi ranar aurenta. Rani ya wuce, damina ta leƙo ta koma, babu Buba babu labarinsa. Daga baya wani ɗan cin rani ya ce ya gan shi yana dako a wata kasuwa a ƙasar Katsina, ba ko maraƙi tare da shi, kuma da suka haɗa ido sai ya juya baya. Kowa ya gane. Shanun amana sun mutu a hannunsa, da wane ido zai dubi masu su?

Baffanmu, wanda ke riƙe da gidan bayan rasuwar baba, ya ce in aka yi shuka Buba bai dawo ba, za a je gaban alƙali a raba auren. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ga Rabi ga 'ya'ya biyu, ga gida babu ko tiya ɗaya ta gero. Rabi ba ta san inda za ta aika wa mijinta saƙo ba, ba ta kuma da ɗan aike.

Ƙarangiya muke tattarowa a daji, mu daka, mu fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta mu yi kunu. Ni da ita muke lugude. Wata safiya sai ta kama waƙa. A wajenmu matar kirki ba ta kama sunan miji, ko a ɗaka, balle a tsakar gida. To, ba ta kama ba, sai dai ta zana shi tsaf: mai ɗingishin ƙafar hagu da bijimi ya taka, mai wushirya, mai shan fura a tsaye kamar ana korarsa. Amshin kuwa, “Ba saniya na aura ba, taho da sandarka.” Na yi dariya har taɓarya ta kusa kuɓuce mini, da na dubi fuskarta na daina.

Tsofaffi suka yi mata ca, wai rashin kunya ne mace ta riƙa kiran miji gari na ji. Inna ta ja mata kunne. Rabi ta ce ita ba ta ambaci kowa ba, masu ɗingishi suna da yawa a duniya.

Mata suka ɗauki waƙar a bakin rijiya. Shekarar nan ƙauyuka watsewa suke yi, mata da goyo suna bin hanyar kudu, suna dakau a gidajen mutane don a ba su dusa. Waƙar ta bi su. Buba da bakinsa ya gaya mini cewa yana sauke buhu a ƙofar wani gida ya ji macen da bai taɓa gani ba tana daka, tana lissafa ƙafarsa da haƙoransa. Ya zauna a kan buhun ya saurara har ta kai amshin.

Ya iso kafin shuka, daga shi sai sanda. Ya bi gidajen masu shanu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yafe, wasu suka gaya masa baƙar magana, ya shanye. Ya koyi riƙe hauya da girmansa. Rabi kuwa ranar da ya iso ko leƙowa ba ta yi ba, ni ta aika na kai masa ruwa.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ji waƙoƙin yau. Na san halinta, za ta saurara har ƙarshe, ta ce muryoyin da daɗi, sannan ta tambaya wa suka taɓa dawowa da shi gida. Ban raina mawaƙan zamani ba, Allah ya ba su. Amma ni na ga mace da yunwa a cikinta, ba gero ba zane, ta tsare aurenta da baki, ta kuma mayar wa namiji da mutuncinsa. Ina alfahari da ita, ba na ɓoyewa.

Injin niƙa ya sa turmi ya yi shiru a gidaje da yawa, amma waƙar ba ta mutu ba. A watan jiya, a bikin jikarta a Agiye, 'yan mata suka rera ta da kiɗan ƙwarya, da sauri, suna tsokanar ango, ba wadda ta san mai ita. Buba na zaune a gefe, idanu sun yi rauni. Na matsa na ce, “Tsoho, ka ji ana tallar ƙafarka.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ƙanwata, ni ban taɓa jinta a bakinta ba. Tun da na dawo ba ta sake yi ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo. Ke kin ji. Yaya take yinta?”

Na ce masa a hankali take yi, don yunwa ba ta barin mutum ya ja numfashi. Sai na zauna kusa da shi na rera masa yadda take yi.