Kwanon Kawu Idrisa

Najaha tana aji uku a kolej ta fara jin sunan. An aike ta kasuwar Matameye sayen daddawa, sai ta ji wani mahauci ya ɗaga murya: "Simol-cof, yau ma tsoka uku za a yanka maka?" Da ta waiga sai ta ga ashe da kawunta yake, Idrisa, wan mahaifiyarta, tsaye yana yaƙe.

Daga Legas ya zo da kalmar. Turanci ce, in ji shi, sunan ƴan ƙananan abubuwan da ake zagawa da su a faranti wurin bikin masu hali kafin a kawo abinci: fanke kamar ƙwan zabo, ƙundun kaza a tsinke, nama gutsure-gutsure, kowanne loma ɗaya. Rani goma sha tara Idrisa ya yi yana cirani a wurin wata mai girkin biki. Da an kai hatsi rumbu daga gonarsu ta hanyar Tsauni sai ya hau mota, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Aikinsa yanka ne. Da ƴar wuƙarsa yana raba ƙundu ɗaya gida takwas, duk kai ɗaya. Yakan ba da labarin a zaure ana ta dariya, wai manyan mutane da ƙaton tumbi suna tsintar abinci kamar kaji. Har kalmar ta shiga bakin unguwa. Wanda aka zuba wa miya kaɗan sai ya ce an yi masa simol-cof.

A raninsa na ƙarshe ya dawo tun kafin lokaci, a rame, kuma cin abincinsa ya canza. Matarsa Fadima, wadda duk dangi suka sallama wa a tuwon hatsi da miyar kuka, takan aika masa malmala biyu zauren da maza ke haɗa kwano. Abokan cinsa kowa na kai loma a nasa kwanon, shi kuwa sai ya gutsura kamar ƙwayar wake, ya daɗe yana juya ta a baki, ya wanke hannu. Kwano ya koma cikin gida kusan yadda ya fito.

"Legas ta lalata ka," in ji maƙwabcinsa Sallau. "Ko a kawo tsinke ne, ranka ya daɗe?"

Idrisa ya taya su dariya. Amma da maganar ta shiga cikin gida, ba wanda ya dara. Fadima ta canza gari, ta canza daddawa, har zakaranta ta sa aka yanka. Kwano dai ya dawo. Mata suka fara raɗa cewa wata ce a can ta ɗanɗana masa abin da ya fi. Fadima ta daina zuwa suna da biki. Shekara talatin tana tuƙa masa tuwo, ta ce wa mahaifiyar Najaha, yau hannunta yake ƙyama.

Najaha ce ta gano. Wata rana da hantsi ta kai masa kunu, ta same shi durƙushe bayan rumbu yana dawo da ɗan abin da ya haɗiya, idanunsa sun yi jawur. Da ya ga ba halin ɓoyewa sai ya faɗa mata. Ƙari ne ya fito masa a maƙogwaro, hanyar abinci sai ƙara tsukewa take yi, likitan Legas kuma ya ce an makara.

"Kawu, ka faɗa wa Inna Fadima mana. Ita gani take raina ta ka yi."

"In na faɗa, gobe a shimfiɗa mini tabarma a ɗaki, a fara zuwa dubiya ina ji ina gani. Bar ni in zauna cikin maza iya ƙarfina." Ya goge baki da hannun riga. "Nata abin ne dai ke cin raina."

Bai ga girbin shekarar ba. Amma saura kwana tara ya rasu, da maza suka watse bayan azahar, ya sa Najaha ta riƙe kwanon kada a mayar. Ya ciro ƴar wuƙarsa ta Legas. Ya miƙa mata, ita ta yanka tuwon, shi yana gyara mata. "Ya yi girma. Raba shi biyu. Sake rabawa." Kowane gutsure sai ya jiƙa shi a miya har ya narke, sannan ya kai baki, ya rufe ido, ya haɗiya. Sau biyu yana dafa bango ya zaga bayan rumbu, ya dawo ya zauna ya ci gaba. Aka yi la'asar, inuwa ta cika zauren, yana nan yana fama. Rana ta kusa faɗuwa ya sa yatsa ya suɗe sauran miyar, gumi ya jiƙe masa riga.

Ya tura mata kwanon da hannu biyu.

"Ke za ki kai wa Fadima da kanki. Kada ki rufe, kada ki wanke. Ki ajiye a gabanta ta gani, ki ce na ce gobe ma irinsa. Kada ki ƙara komai a kai."