Ƙaramin Yatsan Ɗiyar Ƙanena

Ƙanena direban motar siminti ne a Malbaza, yana kan hanya matarsa ta haihu, ni na je zaman jego. Ɗiya mace ce, ba ta cika kuka ba, nono ma sai an tashe ta. Wannan bai dami kowa ba. Abin da ya tsone wa matan gidan ido shi ne ƙananan yatsun hannayenta biyu, da suka lanƙwashe ciki kamar lauje.

Innarmu, kakar jaririyar, ta jujjuya hannun ta taɓe baki. "Ɗiya macce da hannu haka, wa ka ɗaukar ta? A miƙe shi tun ƙashin na ɗanye."

Mai jegon ta ce a jira uban. Haihuwar fari ce, babu wanda ya ko dube ta. Aka ɗauko wani maɗori daga wajen garin Dogarawa. Ya shafa wa yatsan dama man shanu, ya tsaga karan dawa ya haɗa, ya ɗaure tamau da tsumma, ya ce kada a kwance sai bayan kwana bakwai. Ni na riƙe masa jaririyar tana tsala ihu, kuma har yau ina jin ƙyamar kaina.

Kwana huɗu ɗakin ya ɗauki wari. Inna ta ce man shanu ne, ta ƙara turaren wuta. Mata suna ta shigowa barka, suna shan kunu, ƙudaje na bin tsumman. Na kasa daurewa na kwance. Yatsan ya yi baƙi, ya kumbura, mugunya na tsiyaya. Nan take muka ɗauke ta sai asibiti.

A likitar Konni, majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ɗaya hannun, ya saurari ƙirjinta ya daɗe. "Hajiya, wagga ba karaya ba ce, da ita aka halicce ta. Wani lokaci alama ce ta a binciki zuciya, kuma tata tana son bincike. Yatsan da kunka ɗaure kau ya mutu."

Aka yanke shi.

Da muka dawo gida, Inna ta karɓi jaririyar, ta kama hannun hagu tana lallatsa yatsan da ya rage. "Wancan ɗaurin ne ya yi tsauri. Wanga sai a sassauta."

Na fizge yarinyar daga cinyar uwar da ta haife ni, na miƙa wa mai jego, na zauna a bakin ƙofar ɗakin na tsare.