Fitilar Baba Gide

Baba Gide ƙanin mahaifina ne, kuma shekara talatin ya yi yana haƙar rijiya da yasarta tsakanin Mabai, Pauwa da 'Yankara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshen ƙirgi saboda igiya. Da damina manomi ne kamar kowa. Ana gama sussukar dawa sai ya ɗauki dagi da guga, ya bi ƙauyuka tare da abokin aikinsa Malam Barau, wanda ke riƙe masa igiya tun suna samari.

Kullum cikin tsiya suke. Baba Gide kan ce, "Barau bai taɓa shiga ramin da ya wuce gwiwatai ba, amma shi ka cin rabin tuwon."

Malam Barau ya ce, "In na saki igiyar nan rana guda ka san mi nika yi."

Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa. Ba ya shiga rijiya sai ya kunna aci-balbal, ya sa ta cikin guga, ya zura har ƙasa. In ta dawo tana ci, ya yi bisimilla ya sauka. In ta mutu, sai ya ce masu wurin ba su son baƙi yau. Su yi ta zura ganyen darbejiya suna jawowa, su bar rijiyar a buɗe sai gobe. A wurinsa aljannun rijiya ne ke hure hasken, kuma bai taɓa yi musu gardama ba.

Ba shi da 'ya'ya mata, don haka ni ce ɗiyarsa. Lokacin da na sami shiga jami'a a Zariya, shi ya raka ni tashar Ƙanƙara da akwatina a kansa.

A shekarata ta ƙarshe, 1978, aka ba ni aiki a ɗakin gwaji. Malaminmu yana da wasu 'yan ƙananan duwatsu masu sheƙi, ba su kai farcen ɗan yatsa ba. In aka ba su lantarki sai su riƙa karkarwa da saurin da kunne ba ya ji. Aikina shi ne in shafa musu wani sinadari mai kama da narkakken ƙaro, siriri sosai, in bar shi ya bushe. Fatar da yake yi in ya bushe tana kama iskar kabon, wato iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Da ta kama sai dutsen ya ƙara nauyi, karkarwarsa ta ragu, na'ura ta nuna. Na ɓata fiye da ashirin kafin hannuna ya daidaita. A nan na san iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari, ta fi sauran iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami kamar ruwa. Wuta ba ta ci a cikinta, mutum ma ba ya rayuwa. Na tuna aci-balbal ɗin Baba Gide da ganyen darbejiyarsa mai kaɗo iskar waje, na yi murmushi ni kaɗai.

Shekarun nan kaya sun cika kasuwa, kowa na sayen rediyo da keke. Da hutun Ista na saya masa tsaraba, babbar tocila ta ƙarfe mai batir huɗu, don ya riƙa ganin gabansa a ƙasan rijiya. Na kai masa da la'asar, yana zaune a zaure da Malam Barau da wasu dattawa uku. Na durƙusa na miƙa. Ya kunna, ya haska fuskar Malam Barau.

"Kai, kashe min ido za ka yi?"

"Dubi abin da ɗiyata Safara'u ta kawo! Na huta da aci-balbal da hayaƙinta. Wagga zan riƙa zura masu, su ma su ga ci gaba."

Aka yi dariya. Ni na ji abin da ya faɗa, na kuma san inda kuskuren yake: iskar nan ba ta kashe tocila. Maganar ta zo har bakina. Amma dattawa biyar ne a zaune, ni kuwa ban taɓa gyara wa babba magana a gaban mutane ba. Na ce a raina zan same shi shi kaɗai da safe. Da safe na tarar sun yi sammako zuwa wani aiki a Sabuwa, ni kuma motar Zariya tana jira. Na ce da hutu mai zuwa.

Kwana goma sha tara bayan nan aka zo aka ɗauke ni daga makaranta.

Wata tsohuwar rijiya ce a Pauwa, gaba goma sha biyu, ta shekara biyu a rufe da itace. Malam Barau ya ba mu labarin a tsakar gida, yana kallon ƙasa.

"Mun zura tocilan, ta dawo tana ci. Muka sake, ta dawo tana ci. Ya ce, 'Barau, sun yi muna maraba.' Bai kai ƙasa ba na ji igiya ta yi nauyi. Na kira, shiru. Kafin mu jawo shi rai ya yi halinsa." Ya share ido da hannun riga. "Tocilan ta faɗa ciki. Har muka baro wurin tana can tana haske."

Goggo Saudatu, matar Baba Gide, ta riƙe hannuna ta ce kwana ne ya ƙare, kuma ya yi alfahari da kyautata har ranar.

Ranar sadakar bakwai na ji Malam Barau yana cewa zai koma ya ƙarasa aikin, tunda marigayi ya yi alkawari, kuma ya sayi tasa tocilar a 'Yankara. Na shiga ɗakin Baba Gide. Aci-balbal ɗin tana kan taga, da sauran man gyaɗa a ciki. Na ɗauko ta na fito zaure, inda maza sun fi ashirin.

"Baba Barau, ina da magana."

Na faɗi abin da na sani. Wani dattijo ya ce boko ke nan. Malam Barau ya karɓi aci-balbal ɗin daga hannuna.

Washegari muka je Pauwa. Ya sa fitilun biyu cikin guga ɗaya, ya zura a hankali, ya jawo. Tocila tana ci. Aci-balbal ta mutu, lagwaninta ko hayaƙi ba ya yi.

Ya daɗe yana duban gugan. Sannan ya ce, "Tun yaushe kika san haka, ɗiyata?"

Na gaya masa gaskiya, tun kafin ranar da na kawo tsarabar.

Bai tsawata mini ba. Ya kashe tocilar ya sa a aljihu, ya je ya karyo reshen darbejiya ya ɗaura a igiya. Na kama masa ɗaya bakin, muka fara zurawa.