Gorar Mamman ba ta ɗaukar jaki

Duk wanda ya taɓa ƙetare gulbin bayan Kalgo da damina ya san Mamman mai fito. Kwale-kwale bai dame shi ba, da gora yake aiki, wata ƙatuwa wadda ya gada wurin mahaifinsa. Ka tuɓe riga ka zuba ciki, ka rungumi gorar, shi kuma ya yi iyo yana tura ku har ƙetare. Bayan wannan yana da 'yar fadama ta shinkafa, da matarsa Delu, da riga biyu. Dagacinsu ya taɓa yi masa tayin jirgi, ya ce ya gode, jirgi sai an kwana ana tunanin inda yake yoyo.

Ni Lawal na Gwandu, na san shi ne shekara biyu bayan yunwar Kakalaba. Lokacin sana'ata biyar: ɗinki, noma, koli, awon hatsi, da sayen fatu ina kai wa 'yan kamfani. Duk kasuwar da ta ci, da ni a ciki. Ina can ina ganin kaina babban mutum, na dawo na tarar matata Rahmatu ta yi yaji zuwa gidansu a ƙetaren gulbin. Surukina ya aiko cewa in ban zo biko kafin Juma'a ba, zai kai magana gaban alƙali.

Ranar Alhamis na ɗaura wa jaki kaya: zane uku, madubi, kantun gishiri, turare, tasoshi, da ƙunshin goro. Na iso mashigi gulbi ya cika ya batse.

Mamman ya dubi jakin, ya dube ni. "Malam, hijira za ka yi?"

"Biko za ni, Baba."

"To, gorata mutum guda take ɗauka, da rigarshi, da abin da ya rage wuri. Yau kuma sawu ɗaya ya rage mini, ruwa na ƙaruwa."

Na ce ai ni ɗan kasuwa ne, na iya shirya kaya. Na cusa zannuwa, na ɗora gishiri, na soka madubi a gefe. Muna sa gorar a ruwa ta karkata kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Na sauke, na sake shiryawa, har sau uku. Mamman yana zaune yana sakace.

"Wai da za ta tafi, mi ta ce?"

"Maƙwabta sun ce ta ce wata huɗu ba ta gan ni da rana ba."

"Shin ta ambaci madubi?"

"A'a."

"Gishiri fa?"

"Shi ma a'a."

"To, kai ta ce ba ta gani ba, ga ka kuwa kana neman zama nan bakin ruwa ka aika mata da tasa."

Na ɗaure jakin da kayan a gindin kanya, na jefa riga da goro a gora. Yadda na yi ta salati a tsakiyar gulbin nan, da na saba yin haka a tudu da tuni an naɗa ni liman.

Na isa gidan surukina da rawani a jiƙe, taɓo har gwiwa. Na durƙusa na miƙa goro. Tsohon ya leƙa bayana, ya ce, "Kai kaɗai? An ce mana kai attajiri ne." Sai na ji dariyar Rahmatu daga bayan zana.

Aka kira ta. Ta ce za ta koma, amma sai na zaɓi sana'a biyu a gaban mahaifinta. Na fara bayanin ribar fatu, ta yunƙura za ta tashi. Nan take na ce gona da allura.

Sai da ruwa ya ja, bayan kwana uku, muka dawo. Mamman ya fara ƙetarar da ita, sannan ya dawo ya ɗauke ni. Ya ciyar da jakin, ya adana kayan, ban da gishirin da awakin Delu suka lashe rabinsa. Rahmatu ta ɗaga zannuwan, ta ce launinsu na tsofaffi ne, ta ba Delu biyu.

Mamman yana nan a mashiginsa, furfura ta gama kama shi. Ni kuwa ina ƙofar gida da allurata, in kasuwar Malisa ta ci ƙafata takan yi ƙaiƙayi, sai Rahmatu ta yi gyaran murya daga ciki, in sosa ƙafar in ci gaba da ɗinki.