Injin Kofin Kawu

Kawuna tsohon direba ne, ba abin da yake ji da shi kamar ɗan injinsa na gasa kofi, wato gahawa. In ya gama gashi, sai ya bari ya huce, ya kakkaɓe ƙaiƙayin da tsohon buroshin haƙori. 'Ya'yansa suna masa dariya, suna kurɓar kofinsa.

Da hannunsa ya shanye, suka ci gaba da gashi, shara kuwa ko oho. Ƙaiƙayi ya taru, rannan ya kama da wuta, har labulen kicin ya tafi.

Babban ɗan ya zo kansa yana huci: "Baba, ka ga abin da tarkacenka ya ja mana?"

Buroshin yana nan inda Kawu ya rataye shi, gizo-gizo har ya yi masa saƙa.